Yadda ake mayar da zanen ER zuwa teburan rumbun bayanai, da misalin shagon ɗinki

Kawuna yana da shagon ɗinki a Kasuwar Barci, can Tudun Wada a Kaduna. Wata shekara, ana saura kwana goma ƙaramar Sallah, wani bawan Allah ya zo karɓar kaftaninsa uku. Ya rantse ya gama biya, Kawu ya ce saura dubu takwas. Aka ɗauko littafin shago, irin dogon nan mai baƙin bango, sai aka tarar ruwan guga ya jiƙa shafin da aka rubuta biyansa na biyu, tawada ta narke. Aka yi ta sa-in-sa har maƙwabta suka shiga tsakani, Kawu ya haƙura da kuɗin. Da muka tashi rufe shago ya dube ni ya ce, "Kai ɗan nan, duk karatun kwamfutar da kake yi, ba za ka yi mana maganin wannan ba?"

Da shagon nan zan yi misali har ƙarshe. Na lura ɗalibai da yawa a Kadpoly da KASU, manyan makarantun Kaduna, sun iya zana zanen ER tsaf, wato zanen da ke nuna abubuwa da alaƙar da ke tsakaninsu (Entity-Relationship), akwati nan, ƙwai can, amma da an ce su buɗe phpMyAdmin, manhajar sarrafa rumbun bayanai na MySQL, su gina tebura sai ido ya raina fata. Alhali zanen shi ne mai wuya. Mayar da shi tebura ƙa'idoji ne 'yan kaɗan, kuma kusan dukkansu tambaya ɗaya suke amsawa: a wane tebur makulli, wato abin da ke bambanta kowane layi da sauran, zai zauna?

Hanyoyin biyu ba mutum ɗaya ya kawo su ba, shi ya sa ake buƙatar fassara a tsakaninsu. Edgar Codd na kamfanin IBM ne ya fito da tsarin ajiye bayanai a tebura masu alaƙa a 1970. Peter Chen kuma ya gabatar da zanen ER a 1976, don mutum ya fayyace harkar da yake son ajiyewa kafin ya taɓa na'ura. Zane yana da akwati da ƙwai da daimon. Rumbun bayanai bai san ko ɗaya ba, tebur kawai ya sani, da ginshiƙansa da layukansa.

Kafin ka fara: karanta zanenka da baki

A salon Chen, akwati abu ne da ake ajiye bayani a kansa, kamar kwastoma ko tela. Ƙwai sifar abin ce, kamar suna. Daimon alaƙa ce tsakanin abubuwa. Sifar da aka ja wa layi a ƙasa ita ce makulli. In salon ƙafar hankaka aka koya maka, wanda ƙarshen layi ke rabuwa uku kamar sawun tsuntsu, to inda ƙafar take nan ne ɓangaren "da yawa".

Kowace alaƙa ka faɗe ta da Hausa sau biyu, gaba da baya. Kwastoma ɗaya yana iya kawo ɗinki da yawa. Ɗinki ɗaya na kwastoma ɗaya ne. Tela ɗaya yana aiki a kan ɗinki da yawa. Ɗinki ɗaya yana bi ta hannun teloli da yawa. In jumla ta ƙi faɗuwa a bakinka, to zanen ne da gyara, kada ka wuce.

Mataki na farko: kowane akwati ya zama tebur

Abin da ke tsaye da ƙafarsa, wato yana da makullinsa, tebur guda za ka ba shi. Kowace sifa ta zama ginshiƙi, sifar da aka ja wa layi ta zama makullin asali, wanda a SQL, harshen ba rumbun bayanai umarni, ake rubutawa PRIMARY KEY.

CREATE TABLE kwastoma (
  lamba INT AUTO_INCREMENT PRIMARY KEY,
  suna VARCHAR(80) NOT NULL,
  unguwa VARCHAR(40),
  layi VARCHAR(60)
);

Kada ka kuskura ka yi makulli da suna. A littafin Kawu kaɗai, masu suna iri ɗaya da sunan uba iri ɗaya sun fi a ƙirga da hannu guda, shi ya sa yake ƙara musu inkiya: na Rigasa, mai gemu, dogo. Lambar waya ma ba ta yi, don layi yana ɓata, ana sauya shi, wani kuma na matarsa yake bayarwa. Ba kowane kwastoma lamba wadda na'ura za ta riƙa ƙirgawa da kanta, ka huta.

Wata shawara da ba za ka ji a aji ba: sunayen tebura da ginshiƙai ka rubuta su ba ƙugiya, dinki maimakon ɗinki, kudi maimakon kuɗi, don kada su riƙa ba ka ciwon kai wajen buga umarni. Amma bayanan da ke ciki su zauna da ƙugiyarsu. Wajen ƙirƙirar rumbun a MySQL zaɓi tsarin haruffa na utf8mb4. In ka bar shi a latin1, ƙ da ɗ da ɓ duk za su koma alamar tambaya, sai ka ga an rubuta ?anladi a rasit.

Mataki na biyu: sifofin nan masu rikici

Ba duk ƙwai ne ke zama ginshiƙi kai tsaye ba. Iri uku ne ke buƙatar kula.

Akwai sifa mai 'ya'ya, kamar adireshi da ya rabu zuwa unguwa da layi. Uwar ba ta shiga tebur, 'ya'yan ne ke shiga, kamar yadda ka gani a sama. Amfaninsa shi ne ranar da za a aiki yaro da kaya, sai ka ce a fito maka da duk na Kawo da Unguwar Dosa ya kai su a tafiya ɗaya.

Akwai sifar da ake lissafowa, wadda ake zana ta da ɗigo-ɗigo. A wajenmu ita ce "sauran kuɗi". Kada ka ba ta ginshiƙi. Sauran kuɗi shi ne kuɗin ɗinki a cire abin da aka biya, kuma na'ura za ta lissafa maka shi duk lokacin da ka tambaya. Da zarar ka ajiye shi daban, wata rana za a shigar da biya a manta a rage saura, ka koma gidan jiya, ga littafi yana faɗin abu biyu.

Sai sifa mai ɗaukar ƙima fiye da ɗaya, ƙwai mai zobe biyu. Lambar waya ce babban misali, don da wuya ka samu ɗan kasuwa mai layi ɗaya. Abin da ɗalibai suka fi yi shi ne waya1, waya2, waya3, ko su cusa duka a ginshiƙi guda da waƙafi a tsakani. Na farko yana barin ramuka, kuma ranar da mai layi huɗu ya zo ka shiga uku. Na biyu kuma yana hana bincike. Tebur daban ake yi mata:

CREATE TABLE wayar_kwastoma (
  lambar_kwastoma INT NOT NULL,
  waya VARCHAR(15) NOT NULL,
  PRIMARY KEY (lambar_kwastoma, waya),
  FOREIGN KEY (lambar_kwastoma) REFERENCES kwastoma(lamba)
    ON DELETE CASCADE
);

Ka ga na sa waya a VARCHAR, ba INT ba. Lambobinmu da sifili suke farawa, INT kuwa cinye sifilin gaba yake yi, ga shi kuma lambar ta fi ƙarfin abin da yake ɗauka. Duk lambar da ba za ka tara ko ka ɗebe ba, irin ta waya ko NIN, ka ɗauke ta rubutu.

A nan kuma ka fara haɗuwa da baƙon makulli, FOREIGN KEY: makullin wani tebur ne da ya zo ya zauna a naka don ya nuna dangantaka. Duk sauran aikin a kansa yake.

Mataki na uku: alaƙar ɗaya-da-yawa

Ita ce ta fi yawa a kowane zane, kuma ƙa'idarta gajera ce. Makullin ɓangaren "ɗaya" shi ke tafiya ya zauna a teburin "da yawa". Ba a yi mata sabon tebur. Ka tuna yadda ake kiran yara a gari: kowane yaro yana ɗauke da sunan ubansa, ba uba ke jera sunayen 'ya'yansa a bayan nasa ba. Haka ɗinki zai ɗauki lambar kwastoma.

To a nan ne na yi tuntuɓe, kuma ba a ƙa'ida ba, a zanen kansa. Na sa awo a matsayin sifofin kwastoma: tsawo, kafaɗa, hannu, wuya, duk sun rataya a akwatinsa. Na nuna wa Kawu ina jin kaina. Ya sa tabarau ya duba, ya ce, "To Alhajin nan na Unguwar Sarki da ke kawo shadda ta yaransa biyar da sunansa, wuyan wa za ka rubuta?" Kafin in ba da amsa ya ƙara, "Kuma yaro awonsa na bara ba shi ne na bana ba. Manya ma tumbi yake fitowa."

Gaskiyarsa. Awo abu ne mai zaman kansa, yana da mai shi, yana da rana. Kwastoma ɗaya yana da awo da yawa. Na koma na gyara zane kafin in taɓa tebur, kuma kai ma haka za ka yi duk lokacin da gaskiyar shago ta saɓa wa takarda.

CREATE TABLE awo (
  lamba INT AUTO_INCREMENT PRIMARY KEY,
  lambar_kwastoma INT NOT NULL,
  sunan_mai_awo VARCHAR(80) NOT NULL,
  rana DATE NOT NULL,
  tsawo DECIMAL(5,2),
  kafada DECIMAL(5,2),
  hannu DECIMAL(5,2),
  wuya DECIMAL(5,2),
  FOREIGN KEY (lambar_kwastoma) REFERENCES kwastoma(lamba)
);

CREATE TABLE dinki (
  lamba INT AUTO_INCREMENT PRIMARY KEY,
  lambar_kwastoma INT NOT NULL,
  lambar_awo INT NOT NULL,
  iri VARCHAR(40) NOT NULL,
  ranar_karba DATE NOT NULL,
  ranar_alkawari DATE,
  kudi DECIMAL(12,2) NOT NULL,
  FOREIGN KEY (lambar_kwastoma) REFERENCES kwastoma(lamba),
  FOREIGN KEY (lambar_awo) REFERENCES awo(lamba)
);

Wani zai ce lambar kwastoma maimaici ce a teburin ɗinki, tunda awo ya riga ya nuna mai shi. Da haka ne da na cire ta. Amma lokacin biki ango yakan biya ɗinkin ankon abokansa, alhali kowanensu yana da awonsa a shagon da sunansa. Mai biya daban, mai sawa daban, don haka ginshiƙan biyu ba abu ɗaya suke faɗa ba.

NOT NULL ɗin da ke jikin baƙon makulli ma daga zane ya fito. Inda aka ja layi biyu tsakanin akwati da daimon, ma'anarsa dole ne: ba ɗinkin da ba shi da mai shi. Layi ɗaya kuma yana nufin ana iya barin wurin fanko. Kuɗi kuwa DECIMAL ake sa masa, ba FLOAT ba, don FLOAT kintace yake yi, bayan tara da yawa sai ka ga kwabo ya ɓace ko ya ƙaru.

Akwai alaƙar da ke fita daga akwati ta dawo masa. A shagon, kowane yaro mai koyo yana ƙarƙashin wani tela. Dukansu teloli ne, tebur ɗaya, sai dai ginshiƙi guda ya waiwayo ya nuna teburin kansa:

CREATE TABLE tela (
  lamba INT AUTO_INCREMENT PRIMARY KEY,
  suna VARCHAR(80) NOT NULL,
  lambar_maigida INT,
  FOREIGN KEY (lambar_maigida) REFERENCES tela(lamba)
);

Wannan dole ka bar shi ya karɓi fanko, don Kawu ba shi da maigida a shagonsa.

Mataki na huɗu: ɗaya-da-ɗaya

Kowane keken ɗinki tela ɗaya ke riƙe da shi, kowane tela kuma ba ya wuce keke ɗaya. Makulli yana iya zama a kowane ɓangare, sai ka zaɓi inda ramuka za su fi ƙaranci. Mai yanka da mai guga ba su da keke, amma kusan kowane keke yana da mai shi, don haka lambar tela ta shiga teburin keke. Abin da ake mantawa shi ne a sa mata UNIQUE, wanda ke hana lamba ɗaya maimaituwa a ginshiƙin. In babu shi, alaƙar ta zama ɗaya-da-yawa ba ka sani ba, mutum ɗaya ya tashi da keke uku. Akwai wani tsohon Butterfly a lungun shagon da ba mai hawansa, saboda shi na bar ginshiƙin ya karɓi fanko. MySQL yana yarda layuka da yawa su zama fanko ko da akwai UNIQUE.

Mataki na biyar: abin da ba ya tsayawa sai da jingina

Akwati mai bango biyu shi ne abin da ba shi da cikakken makullin kansa. Biya kenan a wajenmu, tushen rigimar da ta sa aka fara aikin. Mutum yana ba da kafin alƙalami ranar da ya kawo yadi, ya ƙara wani abu in ya leƙo, ya cika ranar karɓa. "Biya na biyu" ba ya nufin komai sai an ce na wane ɗinki. Makullinsa haɗin gwiwa ne: makullin abin da ya jingina da shi, da ɗan guntun nasa.

CREATE TABLE biya (
  lambar_dinki INT NOT NULL,
  karo INT NOT NULL,
  adadi DECIMAL(12,2) NOT NULL,
  rana DATE NOT NULL,
  PRIMARY KEY (lambar_dinki, karo),
  FOREIGN KEY (lambar_dinki) REFERENCES dinki(lamba)
);

Littattafan makaranta za su ce ka sa ON DELETE CASCADE a nan, wato in an goge ɗinki biyansa ya bi shi. A ƙa'ida daidai ne, kuma a jarrabawa haka za ka rubuta. Ni dai ban sa ba. Tarihin kuɗi ne, ba na so yaron shago ya danna abu ɗaya bisa kuskure ya share shaidar dubban nairori. Yadda na bar shi, na'ura za ta ƙi goge ɗinkin da aka taɓa biya a kansa. A lambar waya na sa, don in kwastoma ya tafi ba abin da wayarsa za ta tsinana.

Mataki na shida: yawa-da-yawa

Babbar riga guda tana bi ta hannun mai yanka, mai haɗawa, mai aikin wuya da aljihu, da mai guga. Kowanensu kuma yana taɓa riguna da yawa a mako. A nan makulli ba shi da wurin zama a kowane ɓangare. Ka sa lambar tela a ɗinki, mutum ɗaya kawai za ta ɗauka. Ka sa lambar ɗinki a tela, haka. Sai daimon ɗin da kansa ya zama tebur, ya yi gada, ya ɗauki makullan ɓangarorin biyu.

Sifofin da ke rataye a jikin daimon su ma nan suke zama. Ladan aiki ba sifar tela ba ce, don ladansa yana sauyawa daga riga zuwa riga. Ba sifar riga ba ce, don mutum huɗu ke rabawa. Na haɗuwarsu ne.

CREATE TABLE aiki (
  lambar_tela INT NOT NULL,
  lambar_dinki INT NOT NULL,
  irin_aiki VARCHAR(30) NOT NULL,
  lada DECIMAL(12,2),
  PRIMARY KEY (lambar_tela, lambar_dinki, irin_aiki),
  FOREIGN KEY (lambar_tela) REFERENCES tela(lamba),
  FOREIGN KEY (lambar_dinki) REFERENCES dinki(lamba)
);

Yadda aka saba, baƙin makullan biyu su ne makullin teburin gada. Da haka na fara, ya yi mini kwana biyu lafiya. Ranar ta uku aka zo shigar da cewa tela ɗaya ne ya yanka wata jamfa kuma shi ya haɗa ta, na'ura ta ce layin ya maimaitu, ta ƙi. Shi ya sa irin aiki ya shiga cikin makulli. Kafin ka rufe makullin kowace gada, tambayi kanka ko mutum biyun nan za su iya haɗuwa fiye da sau ɗaya.

Daimon mai ƙafa uku, in kana da shi, haka ake yi masa: tebur guda, baƙin makullai uku.

Mataki na bakwai: ginawa da gwaji

Ka gina tebura bisa tsari, iyaye kafin 'ya'ya: kwastoma da tela, sannan waya da awo da keke, sannan ɗinki, a ƙarshe biya da aiki. In MySQL ya jefo maka errno 150, yawanci ɗayan biyu ne: ko teburin da kake nunawa bai wanzu ba tukuna, ko nau'in ginshiƙan bai zo ɗaya ba, misali ɗaya INT ɗaya INT UNSIGNED. Ka kuma tabbata injin teburin InnoDB ne, don MyISAM zai karɓi umarnin baƙon makulli ya yi shiru, ba zai taɓa tsare maka komai ba. Masu amfani da SQLite maimakon MySQL kuma sai sun buga PRAGMA foreign_keys = ON duk lokacin da suka buɗe rumbun.

Sannan ka koma zanen da biro, kana soke kowane akwati da ƙwai da daimon da ka samar wa gurbi. Abin da ya rage ba soke, an manta da shi, ban da sifa mai ɗigo-ɗigo da uwar sifa mai 'ya'ya.

Gwajin da na fi yarda da shi shi ne na tsokana. Shigar da ɗinki da lambar kwastoman da babu shi; in ka ga kuskure mai lamba 1452, makulli yana aiki. Yi ƙoƙarin goge kwastoma mai ɗinki. 1451 ya kamata ya fito. Kada ka yi gwaji da bayanan ƙirƙira irin su "aaa" da "123". Ɗauko shafi goma na ainihin littafin shago ka shigar, nan ne za ka ci karo da mai yara biyar da ango mai anko.

Daga nan sai tambayar da ta jawo aikin, wa ake bi kuma nawa:

SELECT d.lamba, k.suna,
  d.kudi - COALESCE(SUM(b.adadi), 0) AS saura
FROM dinki d
JOIN kwastoma k ON k.lamba = d.lambar_kwastoma
LEFT JOIN biya b ON b.lambar_dinki = d.lamba
GROUP BY d.lamba, k.suna, d.kudi
HAVING saura > 0;

Lura da LEFT JOIN, mai kawo ɗinki ko ba a biya komai a kansa ba, da COALESCE, mai mayar da fanko sifili. In ka sa JOIN zalla, duk wanda bai taɓa ba da ko sisi ba zai ɓace daga jerin, alhali shi aka fi bi. Ni ma da JOIN zalla na fara. Na miƙa wa Kawu jerin, ya bi shi da yatsa har ƙasa, ya ɗago ya ce, "Ina ɗan ƙanwata da aka yi wa kaftani biyu tun azumi?" Ni yake nufi.